Ranar da na sallami ma'aikatan kwamfutata

Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, ta hannu, na saye ta a kasuwar Maraɗi shekaru shida da suka wuce. Windows 10 ce a kanta, kuma da Faransanci take magana kamar yawancin kwamfutocinmu na nan Nijar. A ciki nake rubuta jarrabawar ajina na CM2, a ciki nake lissafin maki. Matsalarta ɗaya, nawa. In ka kunna ta sai ka kai ga dafa shayi kafin ta farka.

Wani dare na kalli bidiyon wani mutum yana koyar da yadda ake sa kwamfuta ta yi sauri. Ya ce a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta services.msc. Na yi, sai ga dogon jerin sunaye fiye da ɗari biyu. Waɗannan su ne hidimomin da ke aiki a ɓoye, ba ka ganin su, amma su ke riƙe da na'urar. Na dinga bin duk sunan da ban gane ba ina mai da shi « Désactivé ». Ban rubuta ko ɗaya a takarda ba.

Kwana biyu bayan haka, saura kwana ɗaya jarrabawa, na'urar buga takardu ta ƙi aiki. Alamar wifi ta ɓace, sauti ya ɗauke. Nan take na kira babban ɗana, ɗan shekara goma sha huɗu, na rufe shi da faɗa a gaban ƙannensa.

« Baba, wallahi ban taɓa ta ba, » in ji shi.

Ban saurare shi ba. Na hana shi kusantar teburin har sai abin da hali ya yi. Jarrabawar kuwa a allo na rubuta ta da alli, yara sittin da ɗoriya suna kwafa, rabin lokacin ya tafi a nan.

Wani abokin aikina, wanda muka yi makarantar horar da malamai tare, shi ya buɗe jerin ya nuna mini aikata. « Spouleur d'impression » shi ke jera takardu ya miƙa su ga na'urar bugawa, na kashe shi. Hidimar WLAN ita ke neman wifi, na kashe ta. « Audio Windows » ma haka. Ashe ni ne ɓarawon da nake nema.

Na tambaye shi ina maɓallin da zai mai da komai yadda yake. Ya yi dariya, ya ce babu shi. Kowace hidima da matsayinta na asali: wata tana tashi da kanta, wata sai an jinkirta, wata sai an buƙace ta, wata kuma dama a kashe ta zo. Kunna su duka wani kuskuren ne. Hanya mafi sauƙi ita ce « Restauration du système », wadda ke mai da saitin kwamfuta zuwa wata rana ta baya ba tare da ta taɓa takardunka ba. Muka duba, ba a taɓa kunna ta ba, babu ranar da za a koma.

Sai muka ajiye kwamfutarsa kusa da tawa, tunda duk Windows 10 ne, muna bin suna bayan suna. Yana karantawa, ina gyarawa. Daga La'asar har Isha'i muna kai. Da muka sake kunna ta, wifi ya dawo, na'urar bugawa ta fara fitar da takarda. Ya kuma nuna mini cewa in kuɗin intanet nake tsoro, ba sai na kashe Windows Update ba, akwai « Connexion limitée » da ke rage abin da take saukewa.

Yanzu kafin in canza komai, sai na ajiye ranar komawa, in kuma rubuta a littafi: sunan abu, yadda na same shi, yadda na bar shi. Nawan kuwa tana nan, tsufa ne da ƙarancin ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne kiran yaron. Na tara su duka, kamar yadda na tara su ranar faɗan, na ce laifina ne, ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, « Ba komai, Baba. » Shekara ashirin ina cewa ɗalibai su yi tambaya kafin su goge abin da ba su gane ba. Allah ya sa mu riƙa jin abin da muke faɗa.