Minti Ashirin Da Muka Ƙwato Wa Kanmu A Takur

Ranar da na ɗaga hannu zan mari 'yata don kawai ta zubar da koko a tabarma, ranar na san ba lafiya nake ba. Dawowata ke nan daga aikin dare, idanuna kamar an zuba musu barkono. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ko kuka ba ta yi ba. Na sauke hannun, na shiga ɗaki na auna jinina: 150 bisa 95. Ni da nake yi wa mata faɗa kullum a asibiti a kan hawan jini.

Lokacin ba a daɗe da gobarar tankar mai ta Majiya ba, wadda ta ci mutum sama da 150 a watan Oktoban 2024. Hotunan suna ta yawo a WhatsApp, ga tsadar abinci. Mata da yawa a layinmu sun ce min barci ya ƙaurace musu, ƙirjinsu na bugawa, kuma yara ne ke shan haushin.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min bidiyon mutane zaune a fili kan tabarmi, suna miƙe jiki suna jan numfashi a hankali. Ta ce yoga ke nan, daga Indiya ta samo asali, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni tun 2014. Ta ce mu tara matan unguwa mu gwada. Na yi dariya na ce, a Dutsen?

Da maganar ta kai kunnen surukata, sai ta kira ni. "Ke 'yar nan, ance za ku koya wa mata bautar rana?" Ban ji haushi ba, domin tambayar tana kan hanya. Na bincika, lallai a cikin yoga akwai wani jerin motsi da sunansa ke nufin gaida rana, akwai kuma kalmomin da ake rerawa masu alaƙa da addinin Hindu. Na ce, "Hajiya, waɗannan ba za mu taɓa su ba. Miƙe gaɓoɓi da numfashi kawai muke so, su kuwa ko a asibiti ana koya wa masu ciwon baya." Ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Muka roƙi aron wani fili mai katanga, ranar Asabar bayan asuba, kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu. Mu tara ne ranar farko, kowa da hijabinta da tabarmarta. Muka juya wuya da kafaɗu, muka miƙe baya da ƙafafu. Sannan muka zauna: a ja iska ta hanci a ƙirga huɗu, a sake ta a hankali a ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya, shi ya sa jiki ke saki.

Shirun ne ya fi ba mu wuya. Minti biyar ba waya, ba mai kiran "Mama". Wata mai 'ya'ya shida ta fashe da kuka a tsakiyarsa. Daga baya ta ce rabon da ta zauna haka ba aikin komai a hannunta tun kafin aurenta. Kowa ta yi zikirinta a zuci, muka rufe da addu'a ga mamatan Majiya, da neman zaman lafiya a gidajenmu da ƙasa baki ɗaya.

'Yar uwa, kada ki ce nas ta ce a ajiye magani. Jinina ya ɗan sauka, amma sai da na ga likita, na rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, na ƙara da tafiyar ƙafa. Mai ciki ko wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kwanan nan, ta fara tambayar ma'aikatan lafiya kafin ta lanƙwasa jiki.

Hajiya ta zo kamar yadda ta ce. Makon farko a kan kujera ta zauna da carbinta, tana sa mana ido. A mako na uku ta aiko jikarta tun da daddare, wai in ajiye mata wuri kusa da katanga saboda gwiwarta, kuma in taho da abin awon jinin nan.