Kalmar da Inna ta ba mu

Abokin ɗakina fizik yake karantawa, ni kuwa kimiyyar harshe. Shekara biyu muna cin tukunya ɗaya a Yamai, ban taɓa tambayarsa abin da yake rubutawa a memuwar ɗinsa ba, sai da hutu ya kai ni gidansu a Maradi. Bayan isha'i muna cin tuwo, mahaifiyarsa ta ce: "Kai ɗan nan, kullum ana aika maka kuɗi. Wai mi kake karantawa can?" Ya buɗe baki, Faransanci ya fito. Ya sake gwadawa, haka dai. Inna ta yi murmushi, ta ce Allah ya taimaka, ta shige ɗaki. Bai ƙara kai loma ba. Da muka kwanta ya ce mini: "Kai da kake cika baki da Hausa, gobe kai za ka gaya mata."

Sai da ya fara koya mini, har wajen ƙarfe biyu na dare. Ga abin da na kama. A faifan ajiyar kwamfuta akwai ƙananan gurabu masu maganaɗisu, kowanne yana fuskantar wannan gefe ko wancan, kuma da wannan fuskantar ake rubuta bayani. Don a juya gurbi ɗaya sai an sa lantarki ya gudana, gudanar kuwa tana kawo zafi, zafin nan wuta ce da ta tafi a banza. Masana na neman hanyar juya maganaɗisun ba tare da gudana ba. Akwai wasu duwatsun sinadari da ake kira maltiferoyik, masu hali biyu a jiki ɗaya: tsarin lantarki da tsarin maganaɗisu, a ɗaure da juna. In ka juya na farko, na biyun ya bi.

Tunanin ya daɗe. Pierre Curie ya yi hasashensa a 1894. A 1959 Dzyaloshinskii ya nuna da lissafi cewa za a same shi a wani sinadarin kuromiyom, a 1960 Astrov ya tabbatar a Tarayyar Sobiyet. Sunan maltiferoyik kansa Hans Schmid ne ya ƙirƙiro shi a Jeneba a 1994. Wannan ya kwantar mini da hankali: ashe su ma zama suka yi suka ƙera kalmar. A 2000 Nicola Spaldin ta bayyana dalilin ƙarancin irin waɗannan duwatsu: tsarin ƙwayoyin lantarki da maganaɗisu ke buƙata shi ne yakan hana ɗaya halin samuwa. Shi ya sa BiFeO3 ya yi suna, don yana riƙe halayen biyu har a zafin da ya wuce digiri 300. Maganaɗisunsa mai rauni ne, sai an shimfiɗa masa siririn ƙarfe a kai, kuma da haka ne masu bincike a Amurka suka nuna juyawar a zafin ɗaki a 2014. Har yau dai abin bai zama kayan kasuwa ba.

Matsalata kalma ɗaya ce. Mu komai "wuta" muke ce masa, ko "kuran". Amma duk maganar ta rataya ne kan bambanci tsakanin lantarki mai gudana da ƙarfin da yake yi a kewayensa ko bai motsa ba. Na rubuta "filin lantarki" a kaye, na soke. In na ce fili, Inna gonar gero za ta gani.

Da safe na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce: "Inna, abin da yake karantawa, yadda za a sa abu ya juya ne ba tare da an taɓa shi ko an tura masa komai ba. Ƙarfin yana tsaye wuri ɗaya, abin da ke kusa da shi sai ya gyara zama." Ba ta ɗago ba ta ce: "Wato kwarjini. Malam in ya shigo zaure ai ba ya taɓa kowa." Ta ƙara da cewa in dai zai sa a rage ɓarnar wuta, to ya dage.

Wallahi kunya ta kama ni. Shekara uku ina nazarin ƙirar kalma, na kwana ina juya Faransanci, ita ko rariya ba ta ajiye ba.

Abokina bai yarda duka ba. Ya ce kwarjini ba a auna shi, nasu kuwa ana aunawa da bolt a kowace mita, kuma yana da alkibla. Gaskiya gare shi. Na ce masa "maganaɗisu" ma baƙo ne, daga Girkanci ya biyo Larabci ya iso mu, da amfani ya zauna. Mun yi gardama tun daga tasha har Dogon Dutsi, ba wanda ya sauko.

Na dai rubuta "kwarjinin lantarki" da fensir a shafin farko na kayena. Ƴan fizik da ke karanta wannan ɗan littafi, in kuna da wadda ta fi ta, ku same ni. Sharaɗi ɗaya ne: za mu kai wa Inna ta ji tukuna.