Nguru da Gashuwa da Muka Sani

Abu biyu ne suka raya arewacin Yobe a zamanin da muka taso: jirgin ƙasa da ruwan kogi. Nguru ta ci albarkacin jirgi, Gashuwa ta ci albarkacin ruwa, kowacce kuma tana ƙaruwa da 'yar'uwarta.

Tun 1930 layin dogo ya iso Nguru daga Kano, ya biyo ta Ringim da Malam Madori, a nan kuma ya tuƙe. Da yake nan ne ƙarshen layi, duk abin da ƙasar Manga da Bade da kudancin Nijar suka samar a Nguru yake haɗuwa: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, ga kanwa da mangul a bayan raƙuma. Mahaifina dillalin fata ne, shi ya sa rabin ƙuruciyata a bakin tasha na yi ta. Ranar shigowar jirgi gari kan tashi tun asuba. 'Yan dako na kai da komo tsakanin sito da taragu, masu abinci na kiran ciniki, kunne na jin Barbarci da Badanci da Fillanci da Yarbanci a wuri guda. Ga ƙamshin bandar naman da ake lodawa zuwa Kudu, ga na ƙuli daga kamfanin matsar man gyaɗa. Mutum kan shigo garin hannu Rabbana, kafin damina ya haɗa jari.

In an yi hutun makaranta, sai a ɗora mu a motar katako, mu bi ta Jajimaji zuwa Gashuwa wurin kakarmu. Garin yana bakin kogin Yobe, ƙasa kaɗan da mahaɗar ruwan Haɗeja da na Jama'are, kuma nan ne fadar Mai Bade tun da sarauta ta taso daga Gogaram a 1946. A ƙarshen damina ruwa kan sauko ya malale fadamu, sai ka ga fili ɗaya ya ciyar da mutum uku. Manomi ya girbe shinkafa, masunci ya shiga da gora da koma, in ruwa ya janye Bafillace ya kora shanunsa cikin ɗanyar ciyawa. Da yamma Kaka kan ajiye mana akushin tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, ta ce, "Ku ci ku ƙoshi, 'yan nan, a garin nan kifi ba marmari ba ne."

Da hunturu kuwa tsuntsaye ke cika sararin dausayin Dagona. Ɗinya da kirinjijiya namu ne, amma akwai baƙin da ke keto Sahara daga Turai don su yi hunturu a wurinmu. Su ne suka kawo mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, har Dagona a 1989, kuma saboda su tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000. Bikin kamun kifi na Bade a Gogaram shi ma yakan tara jama'a daga nesa.

Al'amura sun fara juyawa ne da farin 1973, wanda ya karya noman gyaɗa. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da fadamu ke jira ta ragu, lokacinta kuma ya rikice. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya a cikinta yana cinye hatsi. Jirgi ya riƙa jinkiri, har kasuwa ta koma hannun manyan motoci.

An samu ci gaba, babu musu. Mun samu jihar Yobe a 1991, ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013. Sai dai arzikin da ya gina garuruwan nan yana nan, kulawa ce ta yi ƙaranci. A saki ruwan madatsun a kan kari, a yashe kacalla, a gyara layin dogo, a riƙa kai 'yan makaranta Dagona da Gogaram. Yaron da ya ga dausayin nan da idonsa, shi ne zai tsaya masa in ya girma.