Ramukan Davy da Shekarun Koyarwata

A farkon shekarun 1990 ina sabon malamin kimiyya a wata sakandaren kwana. Makarantar tana da madubin hangen nesa guda ɗaya da ya daɗe a sito. Na goge shi, na samo tsohuwar taswirar wata, muka riƙa fita filin ƙwallo da ɗalibai bayan isha'i. Da wuri muka gane cewa daren sha huɗu ba na kallo ba ne, don haske yakan shafe komai. Namu shi ne daren takwas ko tara ga wata, lokacin da rana ke haska shi a karkace, kowane rami ya fito da inuwarsa.

Manyan ramuka ne suka fara jan hankalin yaran, musamman da suka ji Albategnius shi ne al-Battani, Arzachel kuma az-Zarƙali na Andalus, sunayen da Riccioli ɗan Italiya ya sa a taswirarsa ta 1651. Ni kuwa idona yana kan wani siririn layi fari a gefen gabas na baƙin filin da ake kira Mare Nubium. Idan iska ta kwanta, layin yakan rabu ɗigo-ɗigo kamar 'ya'yan carbi. Shi ne Catena Davy, jerin ramuka 23 da suka miƙe wajen kilomita 50, kowanne faɗinsa kilomita 1 zuwa 3.

Wata rana wani yaro ya ɗago daga madubin ya ce, "Malam, manyan dai na malamai ne. Ƙananan nan fa, wa ya raɗa musu suna?" Tambayar nan ta sa ni neman littattafai da rubuta wasiƙu, kuma abin da na tarar tsari ne mai kan gado. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919, ita ke da wuƙa da nama. A 1935 ta fitar da jerin da Mary Blagg da Karl Müller suka tattara, aka daina yi wa rami ɗaya suna uku. Babban rami yakan ci sunan masanin da ya rasu, sai ya yi aƙalla shekara uku da rasuwa. Ƙarami na kusa da shi yakan ari sunan maƙwabcinsa a ƙara masa harafi, kamar Davy Y da Davy G. Jerin ramuka ma a wurin maƙwabci yake samun nasa, shi ya sa wannan ya gaji sunan ramin Davy, mai ɗauke da sunan Humphry Davy, masanin sinadarai na Ingila.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na 'yan mitsi-mitsin. A 1974 masu zana wa NASA taswira daga hotunan Apollo suka buƙaci abin da za su kira shida daga cikin ramukan jerin Davy, sai suka ɗauko sunayen yanka na mutane gama-gari: Alan, Delia, Harold, Osman, Priscilla da Susan. IAU ta amince a 1976. Ranar da na karanta wa aji, duk wani Usman sai da ya gyara zama.

Asalin jerin kuwa an daɗe ana gardama a kai, wasu su ce aman wuta ne, wasu su ce tarkacen wani babban karo ne. A Yulin 1994 muka ji a rediyo cewa gutsattsarin tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9, sama da 20, suna faɗawa duniyar Jupita ɗaya bayan ɗaya, bayan ƙarfin janta ya farfasa shi. A wannan shekarar ta 1994 Jay Melosh da Ewen Whitaker suka kawo hujja cewa irin haka ce ta faru a Davy: wani abu ya gifta kusa da duniyarmu, ya tarwatse, gutsattsarinsa suka sauka a kan wata a jere cikin ɗan lokaci kaɗan.

Shekara 20 ke nan tsakanin raɗa sunayen da samun wannan bayani. Hausawa sun ce suna linzami, kuma a nan na ga gaskiyarsu, domin sai abu ya samu suna mutum biyu za su iya nuna shi, su auna, su yi musu har su kai ga dalili. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya kawo mini ƙwaro ko dutse daga bayan aji, nakan sa shi ya rubuta inda ya samo shi da abin da ake kiransa kafin mu fara magana.