Haƙoran Firiwil: Waiwaye Kan Masu Gyaran Keke a Ƙasar Auduga

Kafin babur ya cika gari, manomin da ya kai audugarsa fuloti a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi, aka auna aka ƙirga masa kuɗinsa a hannu, abu uku ne ke masa yawo a zuciya: aure, rediyo, ko keke. Wanda ya yi dacen damina yakan haɗa biyu. Wanda ya haɗa ukun a kaka ɗaya kuwa sai labarinsa ya kai ƙauyen gaba.

Auduga ce ta buɗe wannan yanki ga kayan Turai. Jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga, aka yi gonar iri a Daudawa, kuɗi suka fara shiga hannun talaka a dunƙule sau ɗaya a shekara. Jirgin da ke fita da dilolin auduga shi ne ke dawowa da gishiri da kananzir da atamfa da kekuna. Raleigh na birnin Nottingham shi ne sarki, har kamfanin ya zo ya buɗe masana'antarsa a Kano. Daga baya Phoenix ya shigo daga Shanghai, Hero da Avon suka biyo daga Ludhiana ta Indiya. A zamanin En'e har lasin ake yankar wa keke, kuma ɗan doka na da ikon tsayar da kai ya duba.

Sai dai ba don hanyar Ɗanja zuwa Bakori aka zana wannan keke ba. Tsarin da muka gada, wato tayoyi biyu masu girma ɗaya da sarƙa mai juya tayar baya, John Kemp Starley ne ya daidaita shi a Coventry a 1885, don mutum ɗaya ya hau a kan titi. A nan kuwa buhun dawa ake ɗora masa, ko damin rake, ko jarkokin ruwa, ko maigida da uwargida da goyonta. Hanyar kuma burji ce ko turba: yashi da rani, laka da damina, ga gangaren rafi da hawan tudu. Da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa ya fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara, masara ta bazu, sai kayan da ake ɗora wa keke suka ƙaru. Wanda ya cike giɓin da ke tsakanin keken Ingila da aikin ƙasar Hausa shi ne mai gyaran keke da ke zaune gindin darbejiya a bakin tasha, da akwatin sifanu da famfo da kwanon ruwan neman huji.

Mun saba kiransa mai faci, amma faci ƙaramin aikinsa ne. Babban aikin yana wurin da ƙarfin ƙafa ke komawa tafiya: feda, babban faifai mai haƙora, sarƙa, da firiwil da ke jikin tayar baya. Lissafin wurin a buɗe yake. In faifan gaba yana da haƙora 44, firiwil yana da 18, duk zagaye ɗaya na feda zai juya taya kusan sau biyu da rabi. Taya mai inci 28 kuwa tana cin ƙasa wajen mita biyu da ɗan ɗori a kowane juyi, wato tafiyar mita biyar da wani abu ke nan. Wannan daidai ne ga malamin makaranta da ba ya ɗauke da komai sai littattafai. Ga ɗan kasuwar da ke dakon hatsi kuwa azaba ce, domin a kowane tudu sai ya sauka ya tura. Mai gyara bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san in ya sa firiwil mai haƙora 22 ya ƙara wa sarƙa 'ya'ya, tayar za ta riƙa juyawa sau biyu cif, gudu ya ragu, feda ta yi laushi. Shi ya sa tambayarsa ta farko ga mai keke ita ce: "Maigida, gudu kake so ko kaya?" Akwai kekuna masu giya uku a cikin cibiyar taya, ƙirar Sturmey-Archer da ta fara fitowa tun 1902, amma waɗannan na masu albashi ne, kuma in suka lalace a ƙauye ba kowa ke iya taɓa cikinsu ba.

Wanda bai taɓa ganin an buɗe firiwil ba ya yi rashin kallo. Mai gyara zai shimfiɗa tsumma ko ya ajiye murfin kwano a ƙasa, domin abin da zai zubo ƙanana ne. Zai sa ƙusa a ɗan ramin da ke jikin zoben, ya riƙa bugawa da guduma a hankali, kuma ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna ta nan wannan zobe ke kwancewa. Da ya buɗe sai 'ya'yan boris su watso, yaron shago ya bi su yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai 'yan harsunan ƙarfe guda biyu, da wata siririyar waya da ke ɗaga su. In ka taka feda, harsunan su cije haƙoran ciki, taya ta juya. In ka tsayar da ƙafa, su kwanta su riƙa zamewa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji a gangare. Ƙurar hunturu da tsohon giris kan daskarar da su, ko wayar ta karye, sai mutum ya taka feda ta zarce fayau, keke yana tsaye. Da yawa sun fasa gwiwa a haka.

A kanti maganin wannan sabon firiwil ne. A gindin darbejiya kuwa sai a wanke shi da kananzir, a warware sili ɗaya daga tsohuwar wayar birki a lanƙwasa shi ya zama sabuwar waya, ko a yanko ɗan ƙyallen robar tsohon tif a cusa ƙarƙashin harshen ya riƙa tura shi sama. In harshen ya cinye, a goga bakinsa da zarto ya sake kamawa. Sai a shafa giris a jera boris a kai don kada su zube, a rufe, a juya kusa da kunne a saurara. In duk wannan ya gagara, a kai wa mai walda ya like shi gaba ɗaya. Daga ranar feda ba ta ƙara tsayawa muddin taya na juyawa, mai keke ya koyi ɗage ƙafafunsa a gangare. Da babu gara ba daɗi.

Haka ake yi wa sauran sassan. Kotafin da ke riƙe ƙafar feda in ya yi sako-sako, a yanko gwangwanin madara a yi masa ciko. Sarƙa in ta miƙe ta fara faɗuwa, a cire mata 'ya'ya a ja taya baya. Kariya a sake ta da rodi, a ƙara wa bakin keke sanduna biyu don kada ya karye a rami. Wannan sana'a ta fi bunƙasa bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, aka kuma rushe hukumar sayen auduga. Kayan gyara na asali suka yi tsada, marasa ƙwari suka cika kasuwa, kuɗin manomi suka rage auki. Keken da a da za a sauya bayan 'yan shekaru sai ya zama abin gado.

Hikimar ba ta tsaya a jikin keke ba. Maƙera da yawa sun ajiye zugazugin fata, suka kafa tsohon wilin keke da igiyar roba yana juya ɗan fanka mai hura wuta. Mai wasa wuƙa ya haɗa dutsensa da feda. Amma ƙirar da ta fi kowacce amfani ita ce keken guragu. Wani ya dubi faifai da sarƙa da firiwil, ya ga babu abin da ya wajabta sai ƙafa ce za ta juya su. Sai aka ɗauko faifan aka kafa shi a sama daidai ƙirjin mahayi, aka mai da feda abin riƙo, aka sauko da sarƙa zuwa tayar gaba, aka yi kujera a tsakanin tayoyi biyu na baya. Hannuwan da ke tuƙi su ne kuma ke jan keken. Da bututun ƙarfe da kayan keke na kasuwa ake haɗa shi. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da 'yan ƙungiyarsa ta waɗanda shan inna ya naƙasa sun yi suna da ƙera shi. A Jos, Ayuba Gufwan da cibiyar Beautiful Gate sun ƙera dubbai sun raba kyauta. A garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi kuwa masu walda ne ke yi wa ɗan unguwa gwargwadon tsawon hannunsa.

To, yaya mai sabuwar dabara yake tallata ta a wancan zamani? Kasuwa ce jaridarsa. Ya gyara keken wani ɗan dako, ranar kasuwar Ɗandume ko ta Bakori mutane su ga ya haye tudun da kowa ke sauka, su tare shi: "Malam, wa ya yi maka wannan aiki?" Masu ba da hayar keke su ma babbar hanya ce, domin kekensu yara ke hawa daga safe zuwa magariba, duk gyaran da ya jure hannun 'yan haya to ya ci jarrabawa. Amma hanyar da ke yaɗa dabarar ita ce ke shafe sunan mai ita. Yaron shago ya koya, ya yi 'yanci, ya buɗe nasa wurin a Ƙafur ko Faskari, cikin shekara guda kowa na yi, ba wanda ya san mafarinta. Nijeriya tana da dokar rajistar ƙirƙira tun 1970, amma tsakanin wannan ofis da gindin darbejiya babu hanya. Mai gyaran ma bai ɗauki abin da ya yi a matsayin ƙirƙira ba. A wurinsa ya dai fitar da mai keke kunya ne, aka ba shi na goro.

A nan ne labarin wani Bajapane yake da daɗin ji da kuma ciwo. A 1921 Shozaburo Shimano ya kama hayar ɗan wuri a birnin Sakai, da injin sassaƙa ƙarfe guda ɗaya na aro, ya zaɓi yin abu ɗaya tak, firiwil, saboda shi ne sashen da ya fi wuyar ƙerawa a jikin keke. Yau sunansa na jikin giyar kekuna a ko'ina a duniya. Ban yarda cewa ya fi masu gyaranmu sanin cikin firiwil ba. Abin da ya samu su ba su samu ba shi ne injin da ke yanka haƙori daidai da ɗan'uwansa sau dubu, da ilimin gasa ƙarfe ya yi tauri, da masana'antun keke a kusa da shi masu sayen abin da ya ƙera. Namu sun tsaya a gyara domin guduma da zarto iyakarsu ke nan.

Kuma ba wai ɗan Arewa bai iya kai ƙirarsa gaba ba. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗauki dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don sanyaya kayan miya, ya sa magina tukwane suka yi ta da kuɗin aljihunsa, ya shirya wasan kwaikwayo ana nunawa da majigi a ƙauyuka, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. A Arusha ta Tanzaniya, Bernard Kiwia mai gyaran keke ne kamar namu, amma da ya haɗu da injiniyoyin jami'ar MIT ta Amurka a 2007 sai ya shiga ƙera injinan da feda ke juyawa, daga baya ya zama cikin waɗanda suka kafa cibiyar Twende ta koya wa matasa ƙirƙira. A 2024 kuma ƙungiyar World Bicycle Relief ta fito da keken Buffalo mai sarƙa biyu da giya biyu, ɗaya ta kaya da tudu, ɗaya ta gudu, ana sauyawa da mai da feda baya. Tambayar nan ce ta "gudu ko kaya" aka ba ta amsa da ƙarfe, bayan masu gyaranmu sun shekara da shekaru suna yin ta da baki.

Babur ɗin Jincheng, daga baya Bajaj, shi ya kwashe yaran shago. Mai basira a cikinsu ya koma kanikancin babur, wani ya tafi acaɓa a Kaduna ko Abuja, keke ya koma na 'yan makaranta da dattawa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sai ga mutane suna zaro tsofaffin kekuna daga zaure suna neman mai gyara, aka tarar waɗanda suka san buɗe firiwil sun yi ƙaranci, kuma yawancinsu furfura ta cika musu kai.

Waɗannan dattawa su ne kaɗai suka san inda keke ke fara karyewa a ƙarƙashin buhun masara, da yawan haƙoran da ya dace da tudun Ƙanƙara ko laka ta fadamar Ɗanja. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da sashenta na injinan noma, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba daga Funtuwa. Ga masu sarrafa ƙarfe na Panteka a Kaduna, ga makarantun koyon sana'a a wannan yanki. Abin da ya rage shi ne a zaunar da mai gyara da mai injin a kan benci ɗaya, a ƙera firiwil ko faifan da aka auna da kayanmu da hanyoyinmu, a gwada shi a hannun 'yan dako kaka guda, in ya jure a buga sunan mai dabarar a jikinsa, a kuma ba shi kasonsa a duk wanda aka sayar.