Hannu Biyu, Kumbo Ɗaya

A gidanmu da ke Adakpamé, inda rurin manyan motocin tashar jiragen ruwa ta Lome ba ya yankewa, na shafe wata uku ina fafutukar haɗa kumbona da wani kumbon a wasan Kerbal Space Program. Kullum sai karo. Na ɗora wa kibod laifi, har zuciyata ta fara raya mini in sayi sandar tuƙi da kuɗin makarantar ƙanwata da ke ajiye a hannuna.

Jirgin sama yana da iskar da ke rage masa gudu, kumbo kuwa ba shi da birki. Motsinsa iri 6 ne: matsawa gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, sai juyi iri 3. Shi ya sa kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata a 1969 yake da mariƙi biyu, na dama don juyi, na hagu don matsawa. Haka ma Soyuz na Rasha. Maɓallin kibod kuwa, ko ka danna ko ka saki, babu tsaka-tsaki. Manet tana da sauƙin samu a Dékon, amma aikin kan yi wa manyan yatsu biyu yawa. Sanda ta fi su bin hannu, sai dai ta fi ƙarfin aljihuna.

Wani dare Baba, wanda ya yi shekaru yana jan tirela daga Lome zuwa Yamai ta Cinkassé, ya tsaya a bayana yana kallo. Can ya ce, “Kai yaro, hannunka ne ke gaggawa. Mai ja da tirela baya kaɗan yake taɓa sitiyari, sannan ya jira ya ga abin da bayan motar zai yi.”

Na ce, “To, Baba.” Na kunna Caps Lock, wanda ke tausasa motsi a wasan, na bar hannun hagu ga juyi, na dama ga matsawa, na rage gudu ƙasa da mita 1 a daƙiƙa. Taɓi, jira. Taɓi, jira. Kafin kiran assalatu kumbunan biyu suka manne.

Ranar Litinin na kai kuɗin makaranta cif. Har yanzu ina sha'awar sandar, kuma in Allah ya hore zan saya. Amma duk wanda ya tambaye ni abin da zai zaɓa, nakan fara tambayarsa ko ya taɓa haɗa kumbo da abin da ke gabansa.