Hakkin Tsohuwar Karya

Hausawa suna da karin magana a kan mutumin da ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. Galibi a kan yi wannan magana ne a kan butulcin da ɗan Adam ke yi wa ɗan'uwansa, amma in ka duba da kyau sai ka ga dabbobin da ke hannunmu sun fi kowa shan irin wannan butulci, don su ba su da bakin kai ƙara. Jaki ya yi shekara goma yana kai taki gona, ran da ƙarfinsa ya ƙare sai a sake shi bayan gari. Kare ma haka. Ni malamin ofis ne, ina riƙe da littattafai a ofishin Hakimi, irin aikin da iyayenmu ke kira aikin En'e, gidana kuwa yana Gesse cikin Birnin Kebbi. Ina so in ba ku labarin wata tsohuwar karya da na ɗauko na kawo gidana, don mu ga abin da ya wajaba a kanmu game da dabbar da ta gama yi wa mutum aiki.

Duk wanda ya zauna ƙasar Gwandu ko ta Argungu ya san mafarauta. Da an gama girbi, ciyawar fadamar Gulbin Rima ta bushe, sai ka gan su sun fita da gora da karnuka, suna bin zomo da burgu da zabin daji. Tun da ya ke karen bana shi ke maganin zomon bana, kullum suna bukatar sababbin karnuka. Saboda haka wanda Allah ya ba karya mai gudu ya kan daina fita da ita, ya ɗaure ta gida don haihuwa kaɗai. Cikin karya ba ya daɗewa, kamar kwana 63 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Da an yaye waɗannan 'yan kwikwiyo an rarraba, sai a nemi wasu. In ta tsufa, haihuwa ta ja baya, abu biyu ke jiranta. Ko dai a kore ta ta bi juji, ko kuwa a miƙa wa fataken karnuka da ke bin ƙauyuka da keji. Su kan kai su kasuwar Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, daga can a yi kudu da mafi yawansu don yanka.

Wata rana da rani aka aike ni wani ƙauye gaba da Ambursa, bisa hanyar Argungu, in rubuto iyakar wata gona da a ke gardama a kanta. Muka sauka gidan wani tsohon mafarauci. Ƙarƙashin rumbunsa na hango karya ɗaure da igiya, doguwa, ja, irin karnukan nan na Buzaye masu dogayen ƙafafu. Haƙarƙarinta duk a waje, nonuwa sun zuba, kunnuwa cike da kaska, igiyar kuwa ta cinye gashin wuyanta. Na ce, "Baba, me ya sami wannan?" Ya ce, "Malam, tsufa ne. Guguwa sunanta, da can ba zomon da ke tsere mata. Rabin karnukan yankin nan 'ya'yanta ne ko jikokinta. Bara ta haifi biyu kaɗai, duka suka mutu. Ran kasuwa mai zuwa fatake za su zo su tafi da ita." Na tambaye shi sau nawa ta haihu, ya lissafa da yatsu ya ce tara, cikin shekara shida. Na ce, "Baba, wadda ta cika maka gari da karnuka ai ba ta cancanci keji ba. In ka yarda ka ba ni ita." Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka faɗi gaskiya. Babu ne ta sa. Ɗauki, ba na son ko kwabo."

Ban ɗauko ta ran nan ba, domin shigar da kare gidan Musulmi ba abin da a ke yi da ka ba ne. Uwargida ta ce, "Malam, yaya za mu yi da tsarki, ga yara, ga kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare?" Tambaya ce mai nauyi, saboda haka na tafi zauren malamin da na yi karatun Risala a gabansa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da ke tafe da ni." Ya bayyana mini cewa a mazhabar Imamu Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki cikin ƙwaryar ruwa a kan wanke ta sau bakwai don bin umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ce Risala ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Amma masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaro sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik kuwa ya nuna cewa da Imamu ya riski zamaninsu da ko zaki ma sai ya ajiye. Game da hadisin mala'iku, ya ce malamai sun saɓa ko ya haɗa da karen da aka yarda a ajiye, don haka abin da ya fi shi ne a yi mata wuri nesa da ɗakuna. Sa'an nan ya tuna mini labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ina da awaki da tumaki a bayan gida, ga kuma 'yar garka, saboda haka hujja ta samu, hankalin uwargida ya kwanta.

Daga ƙauyen ban zarce da ita gida ba, sai asibitin dabbobi. Wannan shi ne abu na farko da ya wajaba ga duk mai ɗaukar baƙon kare, saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuwa daga kare su ke ɗauka, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai riga-kafi. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurar da ya haɗa, a ƙasarmu kuma ɗakin binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a Vom kusa da Jos cikin 1924 ya daɗe yana haɗa ta karnuka. Likitan dabbobi ya yi wa Guguwa allura, ya ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska, ya ba ni takardar shaida, ya ce in maimaita allurar kowace shekara. Ya kuma ce in keɓe ta tukuna in sa mata ido, domin ciwon ya kan ɓoye a jikin kare makonni ko watanni. In na ga halinta ya sake, tana dalalar da miyau, ko tana cizon duk abin da ta samu, in hanzarta in gaya masa.

Na yi mata rumfar zana kusa da turken awaki, na ba ta kaskonta na abinci da na ruwa, ba a haɗa su da kayan gida. Abin mamaki, da na kwance igiya ba ta motsa ba. Shekara shida duniyarta ba ta wuce tsawon igiya ba, don haka ko da aka sake ta sai ta yi ta zagaya wuri guda. In mutum ya ɗaga hannu, ko don ya gyara hula ne, sai ta manne da ƙasa tana makyarkyata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na kafa wa yara doka uku: kada su zagaye ta, kada su taɓa ta tana cin abinci ko tana barci, kada kuma su bi ta, su bari ita ta zo da kanta. Muka bar mata sunanta na da, domin shi kaɗai ta zo da shi daga tsohon gida.

Wajen abinci likita ya gargaɗe ni kada in cika mata kasko lokaci guda, don cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi. Sai kaɗan kaɗan, sau uku ko huɗu a yini: sauran tuwon shinkafa ko na dawa, da romo, da tsokar kifi wadda aka cire wa ƙaya. Ba a ba ta dafaffen ƙashin kaza, don ya kan tsage ya soke hanji, albasa kuma tana ɓata jinin kare. Kowace safiya bayan na dawo daga masallaci ni da kaina na ke kai mata, in zauna nesa kaɗan ba tare da na zuba mata ido ba. Kwana 12 sai na tashi ta ke ci. Cikin mako na uku ta fara ci ina zaune. Sai da ta yi wata biyu kafin ta kaɗa wutsiya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Da jikinta ya murmure, gashi ya fito, wasu samari masu farauta suka ji labari suka zo, wai in bari ta ƙara haihuwa ko sau ɗaya su sami iri. Na ƙi. Likita ya riga ya gaya mini tsohuwar karya ta kan kamu da ruɓar mahaifa, ciwon da ke kisa in ba a yi aiki da wuri ba, saboda haka na mai da ita aka cire mata mahaifa. Wasu ƙasashe har doka suka yi a kan wannan. A Ingila, tun 2018, mai lasisin kiwon karnuka ba shi da iko ya sa karya ta haihu fiye da sau ɗaya cikin wata 12, ko fiye da sau 6 a duk rayuwarta. Cikin 2020 kuma suka hana dillalai sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, suka sa wa dokar sunan wata karya, Lucy, wadda aka ceto cikin 2013 daga gidan da a ke tara karnuka don haihuwa kaɗai. Mafaraucin ƙauyenmu ba ya bukatar jiran irin wannan doka, domin addini ya riga ya gaya masa za a tambaye shi game da abin da ya ɗaure.

Maƙwabta da farko sun yi gunaguni, kuma suna da hakki. Na nuna musu takardar allura, na yi alkawari ba za ta fita titi ita kaɗai ba, ba kuwa za ta kusanci masallaci ko randar alwala ba, na kuma cika. Yanzu in dare ya yi ta kan kwanta bakin turke, in ta ji motsin baƙo ta yi haushi, har waɗanda su ka yi gunaguni suna cewa unguwa ta sami mai gadi. Na ji daɗin haka, amma da ba ta taɓa yin haushi ba da hakkinta yana nan, gama ladan aikinta ta riga ta biya tun tana ƙarƙashin rumbu.

To, 'yan'uwa, ku da Allah ya ba ku karatu har kuna karanta wannan da kanku, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Mai karya ya bar ta ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa, in ta tsufa ya ci gaba da ba ta abin da ya saba ba ta. Wanda ba shi da hali ya nemi mai garke ko mai garka ya ba shi. Wanda zai karɓa ya fara da asibitin dabbobi, ya yi mata wuri dabam, ya shawarci iyali da maƙwabta, sa'an nan ya yi haƙuri da tsoronta. In kuwa kare ya ciji wani, ko wane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya maganin gida. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin duk abin da ya sa a hannunmu, amin.